Mai Kirana Cin Abinci

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki, ya yara? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Ni da na shekara talatin ina girki, a gidan ɗana an hana ni kunna wuta, wai hayaƙi. Matarsa ta nuna min akwatin lantarki, maikirowef: “Mama, nan za ki danna ya narkar da ƙanƙara, nan ya gasa.” Jiya na sa kaza, ta fito waje a ƙone, ciki ƙanƙara. Haka na ci.

Ki adana min tukunyata.

Akwatin dai ban raina masa ba. In ya gama yakan yi ƙara. Duk gidan nan shi kaɗai ke kirana cin abinci.

Yayarki