Wasiƙar Yaya Sani

Alhamis, watan Yuli, 1984. Barnawa.

Tamar ta tafi yau. Aikin hanyar da ya kawo babanta Kaduna ya ƙare, sun koma ƙasarsu. Shekara uku muna benci ɗaya, ita kaɗai ce Bayahudiya a ajinmu. Duk yammacin Juma'a ina gidansu, mamanta ta kunna kyandir biyu, mu ci burodin nan mai kitso.

Da safe Yaya Sani ya ba ni wasiƙa in kai mata. Ya daɗe yana sonta, bai taɓa iya faɗa mata ba.

A bakin mota kowa na kuka, ni dai ina kallon direba yana ɗaure akwatuna. Tamar ta rungume ni, ta ce, "Ki gaida Yaya Sani sosai." Hannuna na kan wasiƙar cikin jaka, ban fito da ita ba. Ban san dalili ba.

Bayan isha'i ya leƙo ɗakina. "Hadiza, kin ba ta?"

Na ce na ba ta. Ya yi murmushi, ya ce daga mako mai zuwa zai fara duba akwatinmu a gidan waya.