An Aiko Mai Hutar da Ni, Yanzu Tsofaffi Biyu Nake Jinya

Gwaggo, don girman Allah ki agaje ni da shawara kafin Asabar ta makon gobe, domin kaina ya ɗaure, kuma duk wanda na fara ba wa labarin nan dariya yake yi kafin in kai ƙarshe. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya.

Shekarata ashirin da shida. Shekara huɗu ke nan ina jinyar mahaifina, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Mahaifiyarmu ta rasu. Ƙanwata tana gidanta da 'yan biyu a hannu. Yayana yana aiki a wani gari, duk Lahadi yakan kira ya tambaya ko Baba yana cin abinci, in ce yana ci, ya ce in ci gaba da ƙoƙari, lada na nan. Saboda haka ni ne wanka, ni ne aski, ni ne ɗagawa da kwantarwa da juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Ba ƙorafi nake ba. Ubana ne, shi ma ya ɗauke ni lokacin da ban san kaina ba.

Bara wata ƙungiya ta buɗe ofis a unguwarmu, a saman kantin magani, wai don tallafa wa masu jinyar 'yan uwa a gida. Matakalar benen ashirin da biyu ce. Na san adadin ne saboda ranar rajista sun ce sai sun ga majinyaci da idonsu, na goyo Baba na hau da shi. Suka ba ni riga mai rubutun Jarumin Gida a ƙirji, da kofi, suka sa ni a wani zaure na waya inda kullum da safe ake turo hoton fure ana ce mana mu ja numfashi mu sauke. Rigar dai ta yi amfani, ita nake ɗaura wa Baba a wuya in zai ci abinci.

Sakatariyar ƙungiyar mace ce mai kirki, ba ta rabuwa da wani ƙaton fayil. Ta ce suna da wata cibiya da ake kai tsofaffi su wuni a kula da su, amma layi da tsawo, ni ne na arba'in da ɗaya. Kafin layi ya zo kaina, za su riƙa turo mini ɗan sa-kai duk Laraba, daga ƙarfe biyu zuwa biyar, ya zauna da Baba ni kuma in huta. Ni ba hutu nake nema ba, Gwaggo, sana'a nake nema. A ranar na je wurin mai gyaran firiji na ƙarshen layinmu, ya yarda in riƙa zuwa Laraba-Laraba yana koya mini.

Larabar farko na yi wa Baba komai da wuri, na sa tsohon wando na aiki, na zauna ina kallon ƙofa. Biyu da rabi aka ƙwanƙwasa. Ina buɗewa na ga dattijo ya dafa bango yana haki, kafin ma ya gaishe ni sai da ya nemi kujera. Shi ne ɗan sa-kan. Shekararsa saba'in da huɗu, ya girmi Baba da uku. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, likita ya ce ya nemi abin da zai riƙa fitar da shi daga ɗaki. To ni ne abin. Baba ya sa masa suna Mai Wasiƙa, har yau haka muke kiransa.

Na ce bari in tsaya ranar farko in nuna masa yadda abubuwa suke. Ashe ba zai iya ɗaga Baba ba, yana da ciwon baya. Ba ya iya karanta rubutun kwalbar magani, tabaraunsa kullum a gida yake mantawa. Shi ma yana da nasa maganin na ƙarfe uku, kuma ba a sha sai da abinci, don haka nake dafa shayi kofi biyu, nasa babu sukari, in yanka masa burodi sirara saboda haƙori. Uku da rabi barci yake kwashe shi a kan kujera baki buɗe, Baba kuma ya yi ta gadinsa, yana kore masa ƙuda da hannunsa mai lafiya, in na motsa kwano ya harare ni kada in tashi baƙo.

Sau uku na yi ƙarfin hali na tafi shagon firijin. A na ukun ko sukurudireba ban gama riƙewa ba maƙwabciyarmu ta kira ni in zo da gudu. Baba ya nemi bayi, Mai Wasiƙa ya ce ai shi ma namiji ne, ya kama shi. Na tarar da su biyun a ƙasa, sun jingina da gado, suna gardama a kan wani wasan ƙwallo da aka buga tun ba a haife ni ba. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Sai da na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ban sake zuwa shagon ba. Ƙarfe biyar ni nake raka shi tashar mota, domin tsallaka titi yana ba shi tsoro, kwanan nan ma ni nake zuwa in taro shi. Wato sai maƙwabciya ta zauna da Baba na minti ashirin sannan nake iya ɗauko mai hutar da ni.

Ga inda na jawo wa kaina. Duk ƙarshen wata ƙungiya tana aiko takarda mai fuskoki uku: mai murmushi, mai shiru, da mai kuka. Wai in zaɓi wadda ta yi daidai da yadda nake jin hutuna. Wa ke kawo takardar? Mai Wasiƙa. Shi zai miƙo mini biro, ya tsaya a kaina ya haɗa hannu a baya kamar ɗan makaranta mai jiran sakamako. Ki gaya mini, Gwaggo, wace fuska ke za ki zaɓa? Wata goma sha ɗaya ina zaɓar mai murmushi.

Makon jiya Sakatariya ta kira ni tana ta murna. Ta ce a duk unguwar ba mai jinyar da ya kai ni hutawa, fayil ya nuna. Tun da buƙatata ta biya, sun cire sunana daga layin cibiya don a ba wanda ya fi ni matsuwa. Na kai na uku a layin, Gwaggo, na uku! Sannan an zaɓi Mai Wasiƙa gwarzon ɗan sa-kai na shekara, za a karrama shi ranar Asabar ta makon gobe, kuma ni zan tashi in yi jawabin minti biyar a kan yadda nake more hutuna. Ta ƙara da cewa tun da zauren taron da nisa, in taimaka in taho da su duka biyun.

Yayana ya ga sanarwar a shafin ƙungiyar. Ya kira ya ce ashe na samu mataimaki ban faɗa ba, to hutun aikin da ya yi niyyar ɗauka ya zo ya karɓe ni na mako guda, ya ɗaga shi. Mai firiji kuma ya tare ni a hanya, cikin mutunci, ya ce ya riƙe mini gurbi kusan shekara, in ƙarshen watan nan ya yi ban fara zuwa sosai ba zai ɗauki wani. Ban ga laifinsa ba. In wannan ya wuce ni, ban san ranar da zan sake samun wanda zai koya wa ƙato kamata aiki yini ɗaya a mako ba.

Za ki ce in faɗi gaskiya kawai. To ga abin da ya hana ni. Tun da harshen Baba ya yi nauyi yake jin kunyar baƙi, abokansa ma sun ɗauke ƙafa. Laraba kaɗai yake magana. Mai Wasiƙa kunnensa ɗaya ba ya ji, don haka bai taɓa ce wa Baba ya maimaita ba, amsa kawai yake bayarwa ko ta dace ko ba ta dace ba, su yi ta dariya. Tun Talata Baba yake nuna mini gemunsa in aske, ya nuna hularsa. Shi kuma Mai Wasiƙa har ya ɗinka sabuwar riga saboda Asabar, ya zo da ita a leda ya nuna mini. Ya ce shekara talatin da biyar ya yi a gidan waya, abin da aka ba shi agogon bango ne wanda bai taɓa tafiya ba. Dokar ƙungiya kuwa, duk ɗan sa-kan da aka ba fuska mai kuka dakatar da shi ake yi sai ya sake horo, horon kuma a saman benen nan ake yinsa.

In na yi shiru na rasa sana'a. In na yi magana na kunyata dattijo a cikin sabuwar rigarsa, na kuma kashe wa Baba Larabarsa. Me zan ce in an miƙo mini abin magana?

Naki,
Mai Tsofaffi Biyu

*

Ɗana Mai Tsofaffi Biyu,

Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na zo kan na uku a layi sai dariyar ta tsaya.

Bari mu raba laifin. Ƙungiyar da ta yi wata goma sha ɗaya ba ta leƙo gidanka ba, ta kuma ba mutum takardar auna aikinsa ya kai da hannunsa, ba hutunka ta auna ba, kunyarka ta auna. Wannan nasu ne. Naka kuma shi ne ka yi ƙarya sau goma sha ɗaya. Ƙaryar tausayi ce, na sani, amma fayil ba ya gane tausayi. Sakatariya ba muguwa ba ce, abin da ka rubuta mata ta karanta.

Kuskurenka na biyu shi ne zaton cewa hanya biyu ce kawai, ko ka yi shiru ko ka tona dattijo a bainar jama'a. Mai Wasiƙa yana aiki, kuma aiki babba: ya dawo wa mahaifinka da bakinsa, abin da kwalaben magani ba su yi ba. Sunan aikin ne aka rubuta ba daidai ba. Ziyara yake kawowa, ba hutu ba. Wannan kawai za ka gyara, kuma kafin Asabar za ka gyara shi, ba ranar Asabar ba.

Gobe ka ari minti ashirin ɗin maƙwabciya, ka hau benen nan kai kaɗai, ba kowa a bayanka. Ka gaya wa Sakatariya abin da ka gaya mini, har da zaman da suka yi a ƙasa. Ka nemi abu uku: a bar Mai Wasiƙa a matsayin mai ziyara, a mayar da sunanka na uku ba ƙarshen layi ba, a kuma haɗa shi da wani ɗan sa-kai mai lafiyayyen baya. In ta yi shakka, ka gayyace ta ranar Laraba ƙarfe uku da rabi, ta zo ta ga wa ke gadin wa.

Shi ma dattijon ka yi masa magana da kanka, cikin ladabi, kada ya ji a bakin wani. Ka ce masa Baba ba zai iya rabuwa da shi ba, kana dai neman wanda zai riƙa ɗagawa ne don su samu hirarsu cikin kwanciyar hankali. Kada ka ɗauka bai sani ba. Mutumin da aka ɗaga daga ƙasa ya san wa ya ɗaga shi. Wataƙila shi ma kunya ce ta hana shi faɗa.

Yayanka kuwa, ka daina amsa masa da "yana ci". Ka karanta masa yininka tun daga wankan safe, ka ce makon nan da ya ɗaga ya mayar da shi inda yake. Lada na nan da yawa, ya zo ya ɗebi nasa da hannunsa. Ƙanwarka ma ta zo da 'yan biyunta Laraba ɗaya ko biyu ta haɗu da maƙwabciya kafin ƙungiya ta motsa. Sannan ka je wurin mai firiji da rana tsayayya, ba da ban-haƙuri ba. Wanda ya jira ka shekara yana son ganinka ne, ba jin uzurinka ba.

Ranar Asabar ka kai su, ka gyara wa Mai Wasiƙa wuyan sabuwar rigarsa. In an miƙo maka abin magana, ka faɗi abin da ba ƙarya a ciki: mahaifinka ya yi shekara uku kusan shiru, wannan bawan Allah ya sa shi dariya. Ka bari a tafa, ya cancanta. In tafin ya lafa, ka ce game da hutu kuwa ba ka fara ba tukuna, kana neman mutum ɗaya mai ƙarfin ɗaga tsoho, awa uku a mako. Zaure cike da masu tafi, ka ga ai hannuwansu lafiya lau suke. Ka tsaya ka jira, kada ka zauna sai an ɗaga ɗaya.

Takardar wata mai zuwa kuma, ka zaɓi fuskar da ka ga ta yi kama da taka a madubi.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya ƙara wa Mai Wasiƙa lafiya, ya saka maka da alheri. Ina fatan Laraba mai zuwa ƙarfe biyu ta same ka a bayan firijin wani, hannu duk maiƙo, waya a aljihu ba ta yi ƙara ba.

Gwaggonku