Firjin da Ba a Taɓa Kunnawa Ba

Zuwa ga Mai Girma Honarabul, wakilinmu a majalisar tarayya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya hidimar jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, ni ne Garba mai kabu-kabu, daga ƙauyen nan na ƙasar Kebbe inda ka fara aikin nas. In sunan ya ɓace maka, ni ne na yi shekara bakwai ina goya ka bisa babur zuwa rugagen Fulani duk lokacin rigakafi, kana rungume da akwatin allura. Likita muke ce maka, kana cewa kai nas ne, ba mu kuwa daina ba. Na zaɓi in rubuto a fili ne don sau uku ina zuwa gidanka ban samu ganin ka ba.

Na ɗaya. Kafin ka zo garinmu, in maciji ya sari mutum sai a ɗaure wurin tamau, a tsaga da reza, a tsotse, a ɗirka masa jiƙo. Kai ka hana mu. Ka tsaya ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ka bi mahauta da masu shayi, kana cewa kar a tsaga, kar a ɗaure, a ɗauko mutum kawai a kawo asibiti. Dattawa sun yi maka gardama har sai da suka ga ka tashi wata Bafulatana da kububuwa ta sara, da allurar da ka tafi Sakkwato da kanka ka nemo. A ranar ka gaya mani bisa hanya cewa da asibitinmu na da firji, da allurar nan tana ajiye kullum, ba sai an yi wannan gudun ba.

Na biyu. Da ka ajiye farar riga ka shiga siyasa, ba mu ce ka guje mu ba. Cewa muka yi namu ya tafi inda ake yanke magana. Ka fara da kula da sashen lafiya a ƙaramar hukuma, daga nan ka nemi majalisa. Ni na manna hotonka a tankin babur ɗina, na koma rugagen nan ɗaya bayan ɗaya. Ban sha wuyar bayani ba, don kowace uwa ta san hannunka a damtsen ɗanta. Ranar kasuwa, gaban jama'a, ka ce in Allah ya ba ka kujerar, ba wanda zai ƙara mutuwa a ƙasar nan don rashin allurar maciji. Yanzu kana zango na biyu, kuma muna ji a rediyo kana cikin masu kula da sha'anin lafiya a can. Ba zan ɓoye alherinka ba: kwalbatin bakin rafi aikinka ne, haka rijiyar burtsatse, kuma babur ɗin da nake hawa yau kai ka aiko mani. Na gode.

Na uku. Firjin ya zo, gab da zaɓen da ya wuce. An kawo shi da kiɗa, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto, har ni ina ciki. Aka ce masu haɗa masa solar, wato wutar hasken rana, suna nan tafe mako mai zuwa. Har yau ba su iso ba. Firjin na nan a kusurwar ɗakin magani, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba. Ma'aikaciyar da ke wurin, ita kaɗai ce ga gari duka, katunan awon ciki take ajiyewa a cikinsa don ɓeraye.

Na fuɗu, shi ne dalilin wannan takarda. Ka san ƙanena Altine, wanda ya yi maka dangar gidan da ka zauna. Bara da kaka, da hantsi, muna ɗaurin gero, ya sa hannu zai ɗaga dami kububuwa ta sare shi a yatsa. Wani maƙwabcin gona ya zaro wuƙa zai tsaga, na riƙe masa hannu, na ce Likita ya hana. Na goya Altine zuwa asibitinmu kamar yadda ka koya mana. Ma'aikaciyar ta wanke wurin, ta ba shi maganin zogi, ta ce allurar babu, ba a taɓa kawo ta ba, mu yi gaba.

A nan zan faɗi laifina. Hannun ya kumbura, amma Altine na magana, yana dariya, har ya ce in bar shi ya kwana gida ya gani. Na biye masa. Washegari ya tashi dasashinsa na jini, yawunsa ja. Muka samu mota. Mun tsaya asibiti biyu a hanya, kowanne ya ce babu, sai Sakkwato. Mun wuce Dogon Daji kaɗan ya ce mani yana jin sanyi, na cire rigata na rufa masa. Direba ne ya fara lura cewa rai ya yi halinsa, ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Daga nan muka juyo.

Altine ya bar matarsa da ɗiya fuɗu. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma kai ka sanar da ni cewa wannan ciwo yana da magani, kuma da allurar na garinmu, da tun hantsin farko an yi masa ita.

Na biyar. Bayan addu'ar bakwai aka kawo mana buhun shinkafa mai hotonka, aka ce ta'aziyyarka ce. Mun karɓa, marayu sun ci. Da na zo gidanka, masu tsaron ƙofa sun ɗauka roƙo na zo, suka ce in rubuta buƙatata in bari. Na rubuta. Ban sani ba ko ta kai hannunka, shi ya sa ban ce ka ƙi ba.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe. A turo masu haɗa solar su kunna firjin nan. A sa allurar maciji a ciki, a kuma san wanda zai riƙa sabunta ta in ta ƙare ko ta lalace. A ƙaro wa ma'aikaciyar nan abokin aiki. Sannan ka tashi a zauren majalisa ka yi maganar sarar maciji da bakinka, don a cikin waɗanda kuke zaune tare ban san ko akwai wanda ya taɓa riƙe hannun da ya kumbura kamar kai ba.

Ba kujerarka nake nema wa wani ba, kuma ba wanda ya sa ni. Gero ya fid da kai, nan da 'yan makonni za a shiga girbi. Gona biyu gare ni bana, tawa da ta Altine, kuma duk damin da ke cikinsu da hannuna zan ɗaga.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, ya sa ka sauka daga kujerar nan da mutuncinka. Allah ya jiƙan Altine da dukkan musulmi.

Wassalam.

Naka,
Garba mai kabu-kabu,
daga ƙasar Kebbe.