Kaya Suna Ruwa

Laraba da dare, 1975

Wata uku ke nan motocin wasa na ƙarfe da na yi wa mutane oda suna cikin jirgin ruwa a Ikko, jiragen siminti sun tare tasha. Jiya na liƙa takarda a ƙofar shago: "Kaya suna ruwa."

Da hantsi sai ga Alhaji Buba mai shanu, wanda ya cika kabad ɗin falonsa da irin motocin nan. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, mun ji kaya sun bi ruwa. Allah shi mai da alheri. Ni dai na yahe kuɗin da na biya."

Kafin azahar mutum huɗu sun zo jaje. Na biyar ya ce dabara ce ta cinye musu kuɗi.

Maganarsa ta tsaya mini a rai. Ni da na yi sakandare, kalma uku sun kayar da ni! Ko tsoron haɗa ido da su ya sa na rubuta?

Na yage takardar. Gobe zan bi su gida-gida har Kalambaina, in faɗa da bakina cewa jirgi bai nutse ba, amma ban san ranar saukewa ba. Da na biyar zan fara.