Batirin da Ke Cikin Akwatinka, Abba

Assalamu alaikum, Abba.

Ka yi haƙuri da na rubuto maka. Da ranka ma ban iya tsayawa gabanka in yi doguwar magana ba, balle yanzu da na san ba za ka karanta ba.

Mama ta fita takaba. Wuta kuma har yanzu ɗauke ta ake yi a unguwarmu ta Ardul Liwa, ga jarrabawa ta matso. Shi ya sa na tuna da batirin da kake haɗa mana fitila da shi, mai falle uku, wato ƙananan batura uku ɗaure da baƙin tef. Tun rasuwarka ba wanda ya taɓa akwatinka, ana jiran rabon gado. Haka dai aka ce mana.

Da aka buɗe, na tarar da wayar fitila a jone da batirin, ta zuƙe shi. Abba, yaushe ka taɓa barin waya a jone? Mabuɗin kuwa a hannun ƙaninka yake, Baffa Ilu.

Caja ta ƙi karɓarsa. Baffa ya ce ya mutu, khalas, shi ke nan, zai iya ƙone gidan, a ba shi ya zubar. Ko juya shi bai yi ba. Me ya sa ya zo da jaka? Mama ta tsorata, ta ce in bai tashi ba kafin Juma'a, na Baffa ne.

Ban taɓa faɗa maka ba, amma duk sanda kake aiki, ba littafina nake kallo ba, hannunka nake kallo. Na duba, bai kumbura ba, ba wari. Na auna kowane falle da mitarka: duk sun faɗi ƙasa da bolt uku, amma ba wanda ya kai ƙasa da biyu da rabi. Na kai shi baranda cikin tukunyar ƙasa mai yashi, na sa cajar a mafi ƙarancin ƙarfinta. Ban tashi daga wurin ba. Ina taɓawa ko ya yi ɗumi, ina aunawa. Na tsakiya ya ba ni wahala. Da suka haura bolt uku na mayar da cajar yadda take daidaita su, ta karɓa. Washegari na sake aunawa, bai sauka ba.

Da Baffa ya ji, bai ƙara zancen gobara ba. Cajar ya fara tambaya. Mama ta dube shi, ta karɓi mabuɗin, ta ba ni.

Batirin ma ban gama yarda da shi ba, a baranda yake kwana. Allah ya yafe mini in zato na yi wa Baffa. Allah ya haskaka kabarinka.

Akwai wayoyin da ban gane ba a ƙasan akwatin, kuma ba zan tambayi Baffa ba. Ka yarje mini in sake rubuto maka?

'Yarka,
Rahama