Babban Gogen Ikilima

Tunis, ranar Lahadi

Zuwa ga Babana, Alhaji Dabo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Goggo Zulai da duk mutanen unguwarmu, Kilomita Biyar.

Baba, na gama karatun haɗa magunguna, alhamdu lillahi. Na san kana jirana bayan Sallah in zo in buɗe farmasi a shagon da ka keɓe mini a Titin Koudoukou. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya.

Tun zuwana nan nake koyon wani abin kiɗa na Turawa. Goge ne, amma babba, a zaune ake jingina shi a ƙirji. Malamata ta samo mini gurbi a wata makarantar kiɗa a Faransa, kuma suna jiran amsa kafin ƙarshen wata. Ina so, Baba. Amma ba zan ɗaga ƙafa ba sai da yardarka.

Na tura kiɗa biyu a wayar Goggo, daɗaɗɗu ne, masu su sun mutu tun kafin a haifi kakanka. Na farkon yana da ƙahonni da ganguna, in na ji shi sai in ji ba abin da zai gagare ni. Na biyun gogen ne shi kaɗai. Don Allah ka saurara kafin ka ce a'a.

Allah ya ƙara maka lafiya.
'Yarka, Ikilima

Bangui, Kilomita Biyar, ranar Laraba

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya sa ilimin ya zama mai albarka. Da hannuna na rubuta, Goggonki za ta ɗauki hoto ta tura, don wannan ba maganar waya ba ce.

Kiɗanki ya kusa tayar da unguwa. Na ce wa Zulai ta haɗa shi da lasifikar shago, tunda ke kika aiko. Ƙahonnin nan suna tashi sai Imrana mai tireda ya ja ƙofarsa garam. Mai shayin tsallake ya kwashe kofuna, 'yan taksi-moto masu haya da babur suka watse, wata mata ta suri ɗanta ta yi unguwar Yakité da gudu, takalminta ɗaya a nan ta bar shi. Ni kaina sai da gabana ya faɗi, alhali ni na ce a kunna.

Ke yarinya ce, ba ki sani ba. Mu a garin nan, a iya sanina, ranar da rediyo ya daina magana ya saki irin wannan kiɗa, to ko wani babba ya mutu, ko sojoji sun fito. Da shi muke sanin lokacin rufe shago. Yanzu shi kike so in ce ki je ki ƙare kuruciyarki a kansa?

Kuma in tambaye ki. Me yake cewa? Kalangu in ya tashi, kowane mahauci ya san takensa, ana kiran sunansa da na ubansa. Naki na kasa kunne har ya ƙare, bai kira kowa ba, bai gode wa kowa ba. Na biyun ban ma buɗe shi ba.

Ban ce a'a ba, ban kuma ce e ba. Raina dai bai so ba, Uwata, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Tunis, ranar Juma'a

Babana,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. A ba Malam Imrana haƙuri, a kuma nemi mai takalmi. Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya.

Ka ce bai kira sunan kowa ba. Baba, shi ya sa nake son sa. Ina 'yar sakandare aka yi shekarun rikicin nan da ba ma iya fita daga unguwa. Ka tuna a bakin shinge abin da ake fara tambaya? Suna. Inna, Allah ya jiƙanta, ta koya mini in an tare ni in faɗi sunan Kirista, in ce Kilemantin nake, ta ce in yi yaren Sango zalla. Har yau in baƙo ya ce yaya sunanki sai na yi tunanin wanne zan faɗa.

Ranar da na fara jin gogen nan, ina wucewa ne ta gefen wani ɗaki, na tsaya cak. Yana sauka ƙasa-ƙasa kamar mutum mai magana da kansa, sai ya hau, sai ya yi kamar zai fashe da kuka ya fasa. Bai tambaye ni ko ni wace ce ba. Ya dai san an taɓa tsorata ni, ya zauna tare da ni har na huce. Ban san yadda zan faɗa da Hausa fiye da haka ba, ka san Hausar tawa.

Ka buɗe na biyun, kai kaɗai, ban da lasifika. Singila mingi, Baba, godiya mai yawa in ji Sango.

'Yarka, Ikilima

Bangui, ranar Talata

Ikilima,

Salamu alaikum. Lafiya lau muke. Ubanki bai san na rubuto ba.

Ke, wai goge! 'Yar Alhaji Dabo da goge! Jiya a gidan suna wata ta tambaye ni ko bori kika shiga a can. Na ba ta amsar da ba za ta ƙara ba, amma kunya na ji ta. Ni na saurari abin naki, wallahi ban ji komai ba sai kukan saniyar da aka raba da ɗanta.

Amma ubanki ya ƙwace mini waya. Kullum in ya dawo la'asar daga Masallacin Koudoukou sai ya shiga shagon naki, wanda ba komai a ciki sai kanta, ya zauna a benci ya kara waya a kunne. Wai dubawa yake ko akwai abin haram a ciki. Shekaranjiya na leƙa na tarar gemunsa a jiƙe. Ya ce zufa ce.

Mutumin nan ya tsufa, Ikilima. Tun rasuwar uwarki ba abin da yake zance sai dawowarki. Masu neman hayar shagon duk ya kore su. Ni dai na faɗa miki abin da idona ya gani, sauran tsakaninki da Allah.

Ki ci abinci, kin rame a hoto.
Goggonki, Zulai

Bangui, ranar Asabar

Uwata,

Assalamu alaikum.

Na saurara. Ban san in an tare ki sai kin canja suna ba, uwarki ba ta taɓa faɗa mini ba. Ni ina tsaron shago, na ɗauka ku nake tsarewa.

Ki amsa musu, ki je, na yarda. Na san abin da nake sa wa hannu. Mai wannan sana'a ba ta da wurin zama a Kilomita Biyar, zuwa za ki riƙa yi kamar baƙuwa, in Allah ya sa ki same ni.

Na ba wani yaro, Luqman, hayar shagon, zai sa kayan babur. Akwai allon da na sa aka rubuta sunanki a kai da manyan baƙaƙe tun bara, ya ce in bar masa ya shafe ya rubuta nasa. Na ce ya sayi wani. Na kai shi ɗakina na jingina.

Ki riƙe salla. Allah ya yi miki albarka.
Babanki