Rimin da Ya Kai Waya

Cali, Janairu 1998

Yaya Arnulfo,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Mama da yara. Ni lafiya lau. Cikin ya tsufa, ƙafa ce kawai ke kumbura.

Maganar aiki ce ta sa na rubuto. Babban layin wutar da ya ratsa ta bayan gidanmu na Guabal yana ta faɗuwa, wato wutar na ɗaukewa, tun da farin nan ya kama, kuma ni aka ba binciken. Ka san aikina: akwai na'urar da ke gadin layi, in wuta ta kauce hanya ta katse ta nan take, ta bar mana bayanin abin da ta gani. Wannan ba aikin tsawa ba ne, tsawa farat ɗaya take bugawa. Nan kuwa a hankali wutar ke fara zurarewa, kullum ta wayar da ta fi kusa da ƙasa, kullum da tsakar rana, lokacin da zafi ke sa waya ta saki ta sauko. Aikin bishiya ke nan. Na'urar ta auna nisan wurin daga tasha, na duba taswira, ya faɗo tsakanin turaku biyun da suka sa gonarmu a tsakiya.

Masu yi mana sassaben ƙarƙashin layi sun dage cewa wurin fes yake. Ka fita ka ɗaga kai, ka gaya mini abin da ka gani.

Ƙanwarka,
Yolima

Guabal

Injiniya guda,

Gaisuwa mai tarin yawa. Mama ta ce ki rage gishiri, ki kuma daina tsayuwa a cikin bas.

Wai sai da na'ura ta gaya miki? Riminki ne mana, wanda Mama ta dasa a kan cibiyarki ranar da aka haife ki, kamar yadda ta dasa mini mangwaron nan da ba ya 'ya'ya, take cewa halinmu ɗaya. Da aka ja layin kina firamare, yana can gefe ba ruwan kowa da shi. Yanzu ya zama ƙato.

Masu sassaben naku kuwa suna zuwa, ba su fashi. Mama ta yanka musu kaza, ta yi farfesu da rogo da ɗanyar ayaba, su ci har su kwance bel. Babbansu, Don Evelio, ya ce mata, "Doña Etelvina, saman rimin nan fa ya kusa taɓa waya." Ta ce, "Evelio, naka itacen wa ya taɓa maka shi? Miƙo kwano in ƙara maka romo." Sai su tsinki 'yan ganye su kama hanya. Shi ma tasa cibiyar tana gindin wata kwakwa a garinsu, ina zai iya?

Na ɗaga kai. Ganyen saman ya yi ja kamar an babbaka shi. Makon jiya kuma muka tarar da baƙar saniyar nan a mace a inuwarsa, ba rauni ko ɗaya. Mama ta ce maciji ne.

Ki gaishe da mijinki.
Yayanki, Arnulfo

Cali

Yaya,

Na samu taka, na gode. Ba maciji ba ne. In wuta ta bi itace ta sauka, bazuwa take yi cikin ƙasar da ke kewaye da shi, ta hau ta wannan ƙafa ta fita ta waccan. Ba sai an taɓa komai ba. Tsayuwa a wurin ta isa.

Ba sai na tambaye ka inda Mama take zama da rana ba. A nan take ɓare 'ya'yan kokon cakulan tun ina yarinya.

Akwai abin da ya fi wannan. An saita na'urar ne ta yadda in ta katse wuta za ta sake mayar da ita da kanta, ko abin da ya taɓa wayar ya wuce. Ga tsuntsu ko tsawa dabara ce mai kyau. Itace kuwa ba ya zuwa ko'ina, saboda haka sau biyu wutar ke bugun ƙasar nan. Na cire wannan saitin. Yanzu in layin ya faɗi, faɗe yake har sai an aika mutum ya duba. Shugabana bai ji daɗi ba. Ya ce, "Yolima, garuruwa nawa za ki bari cikin duhu saboda lissafinki?" Na ce lissafin daidai yake. Ya ce ya sani, ba abin da ya tambaya ke nan ba.

Datse reshe ba zai yi ba, kan bishiyar gaba ɗaya ya shiga hurumin layin. Rimin nawa ne, na yarda a sare shi. Ka karanta wa Mama wannan kamar yadda na rubuta.

Ƙanwarka,
Yolima

Guabal

Ƙanwata,

Gaisuwa. Na karanta mata, ban tsallake ko kalma ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Nata ne? Ita ta haƙa ramin?" Na ce Mama, wuta fa ake magana. Ta ce, "Ba a sare rimin mace mai ciki. Ta sauka lafiya tukuna, ko ƙona shi ma ku yi." Ta kawo mini zancen Inna Rosalba da guguwa ta kayar wa itace, ba ta ga ƙarshen shekarar ba. Na ce ai Rosalba ta haura tamanin. Ta ce in rufe mata baki.

Da can sai rana ta take sannan take zama a wurin. Yanzu da ta ji ana maganar sara, tun safe take jan kujerarta ta jingina da gindin, gadi take yi. Na roƙa, na yi faɗa, har limamin coci na ɗauko, ya ci farfesu ya tafi. Cewa ta yi, "In wutar wani take nema, ta same ni a nan, kada ta je Cali."

Gari kuma ya ɗauki zafi. Maganin rigakafin da ke firijin asibiti ya lalace, kuma kowa ya san daga gonar wa abin yake. Ni dai haushi nake ji, na rasa na wa.

Arnulfo

Cali

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Litinin shugabana zai mayar da saitin, kuma ban ga laifinsa ba. Na sa hannu a takardar sara da kaina. Asabar da safe za a kashe layin, masu sassaben daga wani yanki za su zo, ba su san farfesun Mama ba. Ka ɗauke ta daga wurin, ko da kujerar ne.

Na san wuta, na san itace itace ne. Amma ni ma a gidan nan na tashi, kuma da na zo sa hannun sai da na ajiye biro na ɗan zauna. Tsoro nake ji, Yaya. Wannan kada ka karanta mata.

Yolima

Guabal

Yolima,

An sare. Ban ɗauke ta ba, da kanta ta tashi da ta ga an kunna zarto. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma ba su ko ruwa ba. Da ya faɗi sai ta shiga ɗaki ta sa rigar coci, ta wuce shagon Don Hermes inda tarho yake.

Can take wuni yanzu, daga buɗewa har rufewa. In ya yi ƙara ba ta ɗauka, fuskar Don Hermes take kallo, ko mugun labari ne daga Cali.

Ki riƙa kira kullum har ki haihu. Ba sai kin ce komai ba, ko tari kika yi ya isa.

Yayanki,
Arnulfo